Harsashi ake fara nema kafin bindiga

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce ka ga tsohuwar bindiga Marlin 336 mai cin harsashin .35 Remington da araha, kana tambaya ko za ka riƙa samun harsashinta a nan Amurka. Shawarata ka dakata tukuna.

Irinta na fara saya lokacin da na soma farautar barewa a Pennsylvania. Bindiga ce mai kyau, ba ta taɓa ba ni kunya a daji ba. Wahalarta a kanti take. Kamfanoni ba sa ƙera wannan harsashi duk shekara, sukan yi zubi ɗaya gabanin lokacin farauta, in ya ƙare sai baɗi. A 2020 da 2021, da annobar korona ta sa mutane suka wawashe harsasai, kamfanin Remington da ya mallaki Marlin kuma ya durƙushe aka sayar da Marlin ga kamfanin Ruger, na zaga kantuna har na gaji ban samu ko kwali ɗaya ba. Harsashi 7 suka rage mini, da su na shiga daji, ban ma iya gwada saiti ba. Wannan ya dame ni ƙwarai, domin wanda bai gwada saiti ba raunata dabba yake yi ta gudu ta mutu a wahale, kuma wannan alhaki ne.

Daga baya na koma bindiga mai cin harsashin .30-30. Tun 1895 ake yin sa, bindigogin Winchester 94 da Marlin 336 masu cin sa miliyoyi ne a hannun jama'a, don haka da ƙaranci ya lafa shi ya fara dawowa kan kanta. Ko ƙaramin kantin ƙauye ka shiga, da wuya ka rasa. A cikin yadi 150 ya ishi barewa.

Amma ba ka faɗi jihar da kake ba, kuma nan ne gizo ke saƙa. Jihar Ohio ba ta yarda da harsashi mai matsattsen wuya irin .30-30 don barewa ba. A Ohio sai mai miƙaƙƙen kwanso, irin .45-70 ko .44 Magnum ko .357 Magnum. Na biyun da na ukun ƙananan bindigogin hannu ma suna cin su, shi ya sa ba sa yankewa a kantin bindigogi. Shi .45-70 ana samu, sai dai tsada da dukan kafaɗa. California kuwa ta hana farauta da harsashin dalma tun 2019.

Abu ɗaya kada ka yi wasa da shi: bindigogi irin Marlin 336 da Winchester 94 a bututu suke jera harsasai, bakin na baya yana tokare gindin na gaba. Mai tsinin ƙarfe na iya tayar da wuta a ciki. Mai faffaɗan baki za ka saya, ko na kamfanin Hornady mai bakin roba.

In biza ce da kai ba katin zama ba, ka fara karɓar lasisin farauta kafin ka taɓa bindiga ko harsashi. Kuma ka yi bismillah lokacin harbi, in ka tarar da barewar da rai ka yanka.

In har ranka na kan waccan Marlin ɗin, ka fara samun kwali 4 ko 5 a hannu, sannan ka biya kuɗinta.