Na biya kuɗin gem, amma ya ƙi buɗewa sai da intanet

Wani ɗalibi daga Ƙofar Marusa a Katsina ya rubuto: "Assalamu alaikum. Na tara kuɗi na sayi gem na ƙwallo na asali, na ƙarar da data wajen sauke shi. Mako biyu ina bugawa lafiya. Ranar da data ta ƙare sai ya ce sai na haɗa da intanet, alhali ni kaɗai nake bugawa. Abokina da aka zuba wa na kirak, wato kwafin sata, ko a jikinsa. Na yi asara ke nan?"

Wa alaikumus salam, ɗan uwa. Ba ka yi asara ba, amma haushinka yana kan hanya, don abin takaici ne a ce wanda ya biya shi ake tsarewa a bakin ƙofa. Abin da ya tare ka makullin hana satar fasaha ne, wanda ake kira DRM. Mafi shahara a yau shi ne Denuvo, na wani kamfanin Ostiriya, wanda ya fito a 2014, kuma FIFA 15 na cikin wasannin farko da aka sa wa shi. Ranar da ka fara buɗe gem ɗin, makullin yana duba kayan cikin kwamfutarka, ya aika wa kamfani, a turo masa wata 'yar takardar izini da ta dace da wannan kwamfutar kaɗai. Muddin takardar na aiki, ba ka bukatar intanet. Tana mutuwa idan Windows ya yi babban sabuntawa, ko gem ɗin ya sabunta, ko an sauya firosesa, wani lokaci kuma don ta daɗe kawai.

Sabunta takardar ba ya cin data mai yawa, hotsifot na waya na minti biyu ya isa. Saboda haka duk lokacin da wani abu ya sabunta, ka buɗe gem ɗin da intanet har ka kai shafin farko kafin ka kashe data. Ka bar Steam, manhajar da ake sayen gem da buɗe shi a kwamfuta, ya tuna kalmar sirrinka, sannan ka danna Go Offline, wato aiki ba intanet, tun kana da sabis, kada ka jira ya ɗauke. Idan gem ɗin yana da manhaja ta biyu, kamar EA app ko Ubisoft Connect ko ta Rockstar, ita ma sai ka shiga ta daban, don kowace da ƙofarta. Windows yana barin ka dakatar da sabuntawa har mako biyar, ka yi amfani da wannan idan za ka tafi inda ba sabis. Akwai kuma abin da yakan ruɗa masu kwamfutar gwanjo: ƙaramin batirin agogo, wanda a yawancin kwamfutocin tebur CR2032 ne. Idan ya mutu, da zarar an ɗauke wuta kwanan wata ya koma baya, sai shiga akawun ya gagara. Ka duba kwanan watan kafin ka zargi gem.

Game da abokinka, gaskiya ne akwai lokacin da na kirak ya fi na asali santsi. A 2021 an nuna cewa Resident Evil Village na asali yana sarƙewa a inda wanda aka cire wa makulli ba ya yi, har Capcom ta fitar da gyara. Amma a 2021 ɗin dai kamfanin Avast ya bankaɗo wani bairos mai suna Crackonosh a cikin kwafin kirak na GTA V da Far Cry 5 da wasu, wanda ya kama kwamfuta sama da dubu 200. Yana kashe kariyar Windows, ya mai da kwamfutar mutum injin haƙar kuɗin kirifto na wani. Mai ita sai dai ya ga tana zafi, fanka na ƙara, batiri na ƙarewa da wuri. Duk mai zuba gem da ya ce ka fara kashe maganin bairos, ka tuna a wannan kwamfutar kake buɗe imel ɗinka da asusun bankinka.

Wani mai gidan gem daga Daura kuma ya ce yana son ƙara kwamfuta huɗu a kan PlayStation ɗin da yake da su. An yi masa tayin akawun mai cike da sababbin wasanni a WhatsApp da araha, an ce ya kunna sau ɗaya ya kashe intanet. Yana tambaya ko ya saya.

Alhaji, kada ka saya. Mai tayin akawun ɗaya gare shi, yana sayar wa mutane da yawa. Wasannin Denuvo kuwa yawanci kwamfuta biyar kacal suke karɓa cikin sa'a 24. Ranar da takardar izinin ɗaya daga cikin kwamfutocinka ta mutu, sai ka shiga layi da baƙin da ba ka sani ba, yara na zaune da kuɗinsu a hannu, janareto na cin mai. Kalmar sirri kuma tana hannunsa, ranar da ya sauya ta ba ka da wurin kai ƙara. Hanyar da ta dace ita ce kowace kwamfuta da nata kwafin, kuma Valve, mai Steam, yana da tsari na musamman na gidajen gem mai suna Steam PC Café Program. Inda za ka rage kashe kuɗi shi ne data: ka sauke gem sau ɗaya, sauran kwamfutocin su ja daga ta farko ta wayar da ta haɗa su, Steam ya yarda da hakan tun 2023. Ga gem da ya kai gigabait 100, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Kafin ka biya kowane gem, ka gangara gefen dama na shafinsa a Steam. A nan ake rubuta ko yana da Denuvo, ko yana bukatar akawun na wani kamfani. Gem ɗin da ya ce sai da intanet a kowane lokaci, mu dai ba ma ba mutumin jihar nan shawarar saye. Ba mu manta watan Satumba na 2021 ba, da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Katsina, ciki har da Funtuwa da Malumfashi da Jibiya. Kuma ko da sabis, kamfani na iya janye hannu. Ubisoft ta rufe wasan tseren mota The Crew a ƙarshen Maris na 2024, waɗanda suka saya suka wayi gari ba abin bugawa. Daga nan ne gangamin Stop Killing Games, na neman a hana kamfanoni kashe wasannin da aka saya, ya taso, har ya tara sa hannu sama da miliyan ɗaya a Turai a 2025. Idan ka riga ka saya ka ga bai dace da wutarku da sabis ɗinku ba, Steam na mayar da kuɗi cikin kwana 14, muddin ba ka buga ya kai sa'a biyu ba. Don haka a ranar farko ka cire intanet ka gwada ko zai buɗe.

Wata baiwar Allah daga Sabuwar Unguwa ta ce tana son saya wa ƙaninta gem wanda ba zai riƙa damunta da roƙon data ba, kuma tsofaffin faifansu sun daina aiki a sabuwar kwamfuta.

Hajiya, faifan ƙila lafiyarsu ƙalau. Da yawa daga wasannin shekarun 2000 suna ɗauke da makullin SafeDisc, shi kuwa Windows 10 tun fitowarsa a 2015 ba ya karɓar sa. Ki duba shagon GOG, wanda kamfanin CD Projekt na Foland ya buɗe a 2008. Wasanninsa ba su da makulli, kuma yana gyara tsofaffi su yi aiki a sabon Windows, mai yiwuwa ki sami waɗanda ke kan faifanku a can. Bayan biya, ki nemi fayil ɗin girkawa da ba ya bukatar intanet, ki sauke duk sassansa, ki ajiye a faifan ajiya na waje. Ko an goge kwamfutar gaba ɗaya, daga nan za a sake girkawa. Sai dai ki sani sababbin wasannin ƙwallo ba sa GOG, idan su yake so sai ki bi matakan da muka ba ɗalibin Ƙofar Marusa. Kuma ki duba shekarun da aka rubuta a shafin gem kafin ki biya, don manyan wasannin shagon da yawa na 'yan 18 zuwa sama ne.