Jan gato na ɓata mini farin kirim

Tambaya: Tanti, ina wuni. Ina yin gato na saidawa a unguwar Birni. Duk sadda na yi jan gato na shafa masa farin kirim, sai ja ya ɓullo ya ɓata shi, kamar an zuba zoɓo a nono. Ina da odar buki sati mai zuwa, hankalina a tashe yake. Wata ta ce in bar kalar abinci in sayi garura wajen masu rini, wai ita ba ta zuba. In saya?

Amsa: Ƙanwata, kwantar da hankalinki, matsalarki ta gyaruwa ce. Amma garurar nan, kar ki kuskura.

Kala ba ta tafiya da ƙafarta. Abu biyu ke ɗaukarta zuwa cikin kirim: ɓurɓushin gato da danshi. Ki bar gato minti 10 cikin kwanon gashi, ki juye shi ya sha iska awa 2, ki naɗe shi a leda ya yi awa 1 a firijo. Man kirim yakan fara narkewa tun wajen digiri 32 zuwa 35, kin kuwa san yadda Afrilu take a Damagaram. Ko ɗan ɗumi ya rage a tsakiyar gato, aiki ya lalace. Ki karkaɗe ɓurɓushin, sannan ki ɗebi kirim cokali 5 ko 6 a wani kwano daban, ya ishi gato mai faɗin santimita 20. Ki shafa siriri har kina hango jan ta ciki. Wannan shafin shi ke ɗaure ɓurɓushi, ba a neman kyau a cikinsa. Wuƙar da ta taɓa gato ba ta komawa babban kwano sai an goge ta. Ki maida shi firijo minti 20 zuwa 30, sai kin taɓa da yatsa bai liƙe ba, kana ki yi shafi na biyu mai kauri, wuƙa na tafiya bisa kirim kawai. Kirim ɗin ya zama mai jiki: margarin giram 250, garin sukari giram 500. Ruwan sukarin da kuke jiƙa gato da shi ma a rage, shi ke wanko kala.

To, mu koma kan garura, don wannan magana ta ishe ni. Wai ba ta zuba. Wa ya taɓa wanke sabuwar shadda bai ga ruwa ya rine ba? A jikin tufa ma sai da sinadaran kama rini take zama, balle a cikin fulawa da ƙwai. Kuma ko da ba ta zuba, an yi ta ne don zane da fata, ba wanda ya tace ta don cikin mutum. Daga cikin jajayen rinin masana'antu akwai Sudan da Rhodamine B, waɗanda ƙasashe da dama suka haramta sa su a abinci saboda ana zarginsu da haddasa ciwon daji. Garin da aka ƙulla a leda ba suna ba takarda, ta ina za ki san wanne ne? Mai saidawar ma bai sani ba, "mai kyau ce Hajiya" kawai zai ce miki. Wuta ba ta kashe wannan guba kamar yadda wasu ke yaɗawa, kuma yara ne kan gaba wajen cin gaton buki. Haka masu ɗiga bular wanki a kirim wai ya ƙara haske: bula ta tufafi ce. In kirim ya yi rawaya-rawaya, ɗigon kalar abinci ruwan makuba da bakin tsinke ya wadatar.

Ki nemi kwalba mai rubutun kalar abinci da lambarta, kamar E129 ko E124, ki duba ranar lalacewa. Mai kauri kamar zuma ta fi ta ruwa, ƙaramin cokali 1 ya isa fulawa giram 250, da cokali 1 na garin kakawo don jan ya yi duhu.

Ranar bukin, ki fito da gaton daga firijo cikin kwalinsa a rufe, ki bar shi minti 30 kafin ki buɗe, don raɓar ta sauka a kan kwali.