Injin busar da kaya yana juyawa amma babu zafi: ta ina za a fara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Hanwa, nan Zariya. Bara maigida ya sayo mana injin busar da kaya na hannu, irin wanda ake kawowa daga Ingila, saboda ina da 'yan biyu, kuma da damina wanki ba ya bushewa. Ya yi mana aiki lafiya lau, da rani ya shigo muka tura shi sito. Bana da ruwa ya sauka muka fito da shi, ya yi kwana uku yana aiki, ran na huɗu aka ɗauke wuta yana tsakiyar busarwa. Tun daga nan ganga na juyawa, fitila na kamawa, amma kaya na fitowa da sanyinsu. Wani mai gyara ya ce elemen ne ya ƙone. Wani kuma ya ce ɗan fis ne a baya, zai jona wayar kai tsaye a wuce wurin. Wa zan bi? Kuma akwai abin da mu da kanmu za mu iya yi? Daga Maman 'yan biyu.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya mana 'yan biyu. Mai gyara na biyu ya fi kusa da gane ciwon, amma maganin da ya kawo shi ne abin da ba zan yarda a yi a gidan da yara ke kwana ba. Na farkon kuwa ina jin ko bayan injin bai buɗe ba, ya dai faɗi abin da aka saba faɗa.

Labarin da kika bayar ya rage mana rabin aiki. Tunda ganga na juyawa, to moto lafiyarsa ƙalau, bel bai tsinke ba, makunnin ƙofa yana aiki, fis ɗin filogi ma bai mutu ba. Abin da ya rage shi ne layin zafi. A irin waɗannan injina, fanka ce ke jawo iska ta bi ta kan elemen, wato waya mai lanƙwasa irin ta rishon lantarki, iskar ta ɗauki zafi ta ratsa kaya, ta fita da danshi. A jikin gidan elemen ɗin akwai wasu 'yan abubuwa guda biyu masu faɗin kwabo, kowanne da waya biyu. Ɗaya aikinsa kunnawa da kashewa don zafi ya tsaya daidai. Ɗayan mai gadi ne, ba ya motsi sai zafi ya wuce ƙa'ida, sai ya yanke wutar elemen gaba ɗaya ya bar ganga tana ta juyi a banza. Shi ne mai gyaran ke kira fis.

Ga abin da nake zaton ya faru ran nan. Lokacin da aka ɗauke wuta, elemen ya yi jajir, fanka kuma ta tsaya cak. Zafin da ya kamata iska ta kwashe ya taru wuri ɗaya, mai gadi ya ji, ya yanke. Shi ya sa ake sa injin ya yi kamar minti 10 na ƙarshe yana hura iska mai sanyi kafin ya tsaya, kuma shi ya sa masu buɗe ƙofa ana tsakiyar aiki don su taɓa kaya suke yawan kashe wannan abu. Sai dai ba a nan kaɗai gizo ke saƙar ba. Injin da hanyar iskarsa take a buɗe yakan jure ɗauke wuta sau da yawa. Wanda ke mutuwa a karo ɗaya galibi dama yana aiki ne a bakin iyakarsa, saboda iska ba ta wucewa yadda ya kamata. Injin da ya kwana hunturu da bazara a sito a garin nan kuwa, kin san abin da ya sha: ƙura, yanar gizo, ɓera ya ja tsumma ya yi sheƙa a cikin mesa. Na sha zaro gidan zanzaro guda, ya bushe kamar bulo, daga bakin bututun da iska ke fita. Idan aka sauya mai gadi ba a buɗe hanyar iska ba, an kashe maciji ba a sare kansa ba, kafin sati ya zagayo za ki sake nemana.

Saboda haka daga shara za a fara, kuma wannan ke da maigida za ku iya. A zare filogi daga soket tukuna. Kada a ce ai babu wuta, domin wuta ba ta sallama idan za ta dawo. A bar shi 'yan mintuna, saboda akwai kwandansa a ciki da kan riƙe ragowar wuta. Ki ciro rariyar da ke bakin ƙofa, ki kwashe ɓurɓushin zaren da ya taru, sannan ki tara ta a famfo. In ruwa ya kwanta a kanta bai zuba ba, ramukan sun toshe da dauɗar sabulu da ƙura ko da ido bai gani ba. A goge da tsohon buroshin haƙori, a bari ta bushe sarai. Ki leƙa ramin da rariyar ke zama da tocilan, a nan ɓurɓushi ke curewa kamar auduga. Sai a cire mesar baya, mai faɗin inci 4, a kakkaɓe ta daga wannan baki zuwa wancan. In ta lotse ko ta yage, a sauya. Idan naki irin mai tankin ruwa ne marar mesa, akwai wani akwati mai faranti-faranti a ƙasa ta gaba, ana zaro shi a wanke da ruwa har ya fita fes, a kuma zubar da ruwan tanki.

Daga nan sai awo. Ana buƙatar sukundireba da mitar awon lantarki, ƙaramar nan da ake samu a shagunan kayan wuta na Sabon Gari. Kafin a cire kowace waya, a ɗauki hoto da wayar hannu, domin mutum yakan rantse zai tuna, bayan rabin awa ya tsaya yana kallon waya ja da fara. A kwance murfin ƙarfen da ke baya, a zuba kusoshin a kofi. A wasu injinan mai gadin yana da ɗan maɓalli, sau da yawa ja, wanda in an danna za a ji ya yi ƙas, shi ke nan ya dawo aiki. In kin yi dace naki irinsa ne, ko sisi ba za ki kashe ba. In babu maɓalli, a sa mita a wurin da take yin ƙara idan wuta na iya wucewa, a zare waya ɗaya daga jikin abin, a ɗora tsinkayen mita a ƙafafunsa biyu. Mai lafiya zai sa mita ta yi ƙara. Wanda ya yi shiru ya mutu. Hattara da abu ɗaya: injina masu allon lantarki kan zo da wani ɗan ma'aunin zafi wanda ba ya sa mita yin ƙara ko yana lafiya, sai dai ta nuna dubban om, wato ma'aunin yadda abu ke tare wa wuta hanya. Kada a yanke masa hukunci a kan shirun.

Elemen ma haka ake auna shi, ba sai an yi ta cacar baki ba. Lissafin mai sauƙi ne: elemen mai wat 2,000 a wutar bolt 230 zai nuna kusan om 26. In kwayil biyu ne a ciki, wato naɗin waya biyu, kowanne zai nuna fiye da haka, wajen 50 da ɗoriya idan rabi da rabi suka raba. Abin da ake tsoro shi ne mita ta ƙi nuna komai, alamar waya ta tsinke, kuma sau da yawa ido ma zai ga wurin. A ƙara da awo ɗaya da mutane ke mantawa: tsinke ɗaya a ƙafar elemen, ɗaya a jikin ƙarfen injin. Nan shiru ake so. In mita ta yi ƙara, waya tana taɓa jiki, kuma injin zai iya jan wanda ya dafa shi da jiƙaƙƙen hannu. In elemen ɗin ne ya tsinke, a sayi wani. Na san ana murɗa bakin waya biyu a haɗa, kamar yadda ɗalibai ke yi wa rishonsu a Samaru da Kongo, amma mahaɗin nan yakan fi ko'ina zafi, kuma a nan kusa da ɓurɓushin auduga yake.

Mu koma kan jona waya kai tsaye. Abin da mai gyaran zai yi shi ne ya sallami mai gadi saboda ya yi ihun ɓarawo. Injin zai yi zafi nan take, ki biya shi kina godiya. Amma dalilin da ya sa zafin ya wuce ƙa'ida yana nan, kuma yanzu babu abin da zai yanke wuta. Ɓurɓushin zare busasshe yana kamawa kamar an zuba masa kananzir, ga fanka tana hura masa iska. Garin gyaran gira ke nan a rasa ido. Mai gadin nan ba shi da tsada idan aka kwatanta da elemen, balle da ɗaki. A cire mataccen a tafi da shi kasuwa, tare da hoton takardar lambar injin da ke liƙe a bakin ƙofa ko a baya. Akwai lambar zafi da aka buga a jikinsa, a nemi mai lamba iri ɗaya, kada a karɓi "ai wannan ma zai yi". Ni nakan sauya su biyun tare, domin sau da yawa gazawar mai kunnawa da kashewa ce ke jawo mutuwar mai gadi. In ba a samu sabo ba, masu sayar da injinan hannu kan ajiye matattu don ciro kaya, sai a auna da mita a gabansu kafin a biya.

Tunda kin ce daga Ingila aka kawo shi, ki duba sunan da ke jiki. A watan Nuwamba 2015 kamfanin Whirlpool ya sanar cewa wasu injinan busarwa masu sunan Hotpoint, Indesit da Creda, waɗanda aka ƙera daga Afrilu 2004 zuwa Satumba 2015, suna da aibi: ɓurɓushi na iya kaiwa ga elemen ya kama da wuta. A Agusta 2016 gobara ta tashi a wani dogon bene a unguwar Shepherd's Bush da ke Landan, masu kashe gobara suka gano daga irin wannan inji ta faro. A Yuli 2019 aka yi shelar a mayar da waɗanda ba a gyara ba. Waɗanda aka gyara ana liƙa musu ɗan koren tambari zagayayye a bakin ƙofa ko a baya. Ba kowane inji mai waɗannan sunaye abin ya shafa ba, ana duba lambar a shafin kamfanin na intanet. In naki yana ciki kuma babu koren tambari, shawarata ki haƙura da shi, ko an sa sabon mai gadi.

Akwai kuma wanda injinsa lafiya lau, wutar ce ba ta kai ba. Zafin elemen ba ya raguwa daidai da raguwar wuta, ya fi ta saurin faɗuwa. In wuta ta sauko daga bolt 230 zuwa 180, elemen mai wat 2,000 zai ba da kusan 1,200 ne kawai, kaya su yi awa biyu suna juyi da ɗumi-ɗumi. Naki ba wannan ba ne tunda sanyi ƙalau suke fitowa, amma ki sani don gaba. Kuma a ba shi soket nasa na bango, da fis mai lamba 13 a filogi. Sirirriyar wayar jone da ake cajin waya da ita ba ta ɗaukar wannan nauyi. In kika ga bakin filogi ya yi baƙi ko roba ta narke, a sauya shi da soket ɗin duka. Ƙaramin janareta mai wat ɗari tara da 'yan kai kuwa, kada ma a wahalar da shi.

Iyakar abin da zan ce ku yi da hannunku ke nan. In mai gadi lafiya, elemen lafiya, wayoyi babu wadda ɓera ya ci, to matsalar ta koma agogon injin ko allon lantarki, wannan sai mai gyaran da ya san allo. Haka nan injin zamani mai kwamfiresa irin ta firji, wanda ba ya amfani da elemen, aikin mai gyaran firji ne.

Idan an mayar da komai, kada a koma da shi sito a rufe ƙofa. Yana buƙatar iskar da zai shaƙa, mesa kuma ta fita waje ta taga ko ta rami, gajeriya, ba lanƙwasa. Ki kunna shi babu kaya na minti 15, ki tara hannu a bakin mesa: iska mai ɗumi da ƙarfi ake so, wadda za ta kaɗa gefen mayafi. Ɗan warin ƙura a farko ba komai, warin roba kuwa a kashe nan take. Ki riƙa matse wanki sosai kafin ki zuba, kada ki cika ganga maƙil, ki kwashe rariya bayan kowane zubi, kuma tsumman kicin da ya sha man gyaɗa ko kayan da fetur ya taɓa su tafi igiya. Ranar da aka sake ɗauke wuta yana aiki, ki kashe makunni, ki buɗe ƙofa, ki fito da kayan ki baza su, kada a bar su cure a cikin ganga da zafinsu.