Kun Tambaya: Kuɗin Makaranta da Karatun Yara

Wasiƙun wannan mako duk a kan ilimi suka zo, don haka muka miƙa su ga masu nazarin harkar koyarwa da duba makarantu da ke taya mu amsa tambayoyi a wannan fili.

Assalamu alaikum. Ni mamba ne a kwamitin iyaye da ke kula da wata firamaren gwamnati a yankin Dala. Muna jin ana ware wa ilimi kaso mai tsoka a kasafi, an yi mana fenti, an kawo benci, amma ɗan aji biyar ba ya iya karanta wasiƙa. Shin kuɗi na ƙara ilimi kuwa? Daga wani uba, Gwammaja.

Wa alaikumus salam, Malam. Kuɗi na ƙara ilimi, amma da sharaɗi biyu: ya iso ajin, kuma a sayi abin da yaro ke bukata da shi.

An daɗe ana wannan gardama. A 1966 wani babban rahoto da James Coleman ya jagoranta a Amurka ya nuna cewa gidan da yaro ya fito ya fi kayan makaranta tasiri a kan sakamakonsa. Daga nan wasu masana tattalin arziki, irin su Eric Hanushek, suka ɗau shekaru suna cewa ƙarin kuɗi ba ya tabbatar da ƙarin karatu. Matsalar irin wancan lissafi ita ce sau da yawa makarantar da yaranta suka fi rauni ita ake ƙara wa kuɗi, sai a ga kamar kuɗin ne bai yi komai ba. A 2016 Kirabo Jackson da abokan aikinsa suka bi yaran da kotu ta tilasta a ƙara wa makarantunsu kuɗi, har suka girma. Sun samu cewa ƙarin kashi 10 cikin ɗari na kuɗin da ake kashe wa kowane yaro a duk tsawon shekara 12 na karatu ya sa yaran sun daɗe a makaranta, sun kuma fi samun albashi mai kyau, musamman 'ya'yan talakawa. Kuɗin ya tafi ne wajen rage cunkoson aji da albashin malamai da ƙarin kwanakin karatu.

Sai dai abin da ya fi kama da halinmu yana ƙasashe masu tasowa. Indonesiya ta ninka albashin malaman da suka samu takardar shaida bayan wata dokar malamai ta 2005. Malamai sun ji daɗi, da yawa sun bar aikin gefe, amma bayan shekara biyu zuwa uku aka auna yara aka ga karatunsu bai motsa ba, domin ba a canza komai a yadda ake koyarwa ba. A yammacin Kenya an raba wa makarantu littattafan karatu, sai ya zama yaran da tun asali suke kan gaba ne kawai suka amfana. Littattafan da Turanci aka rubuta su, mafi yawan yaran kuwa ba sa iya karanta su. Wannan ya kamata ya tsaya wa duk Bakano a rai, domin ɗan aji huɗun da bai iya haɗa baƙi da wasali a Hausa ba, ko ka jibge masa littafin kimiyya na Turanci, sai dai ya kalli hotuna.

Sharaɗin farko, isowar kuɗin, shi ne inda kwamitinku ke da ƙarfi. A Yuganda an bi sawun kuɗin gudanarwa da gwamnati ke aika wa firamare tsakanin 1991 da 1995, aka tarar kashi 13 cikin ɗari kacal ke isa makarantu. Gwamnati ta fara buga abin da ta aika a jaridu, aka umarci makarantu su liƙa shi a allon sanarwa. Zuwa 2001 abin da ke isa ya haura kashi 80. A nan gida, dokar ilimin bai-ɗaya, wato UBE, ta 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na asusun kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya don ilimin matakin farko, kuma jiha ba ta karɓar kason ayyukanta sai ta ajiye nata daidai da shi ta hannun SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha. Kano ta ayyana ilimi kyauta kuma dole a 2019, sannan dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024. Amma ku riƙe wannan: abin da aka rubuta a kasafi daban, abin da aka saki daban, abin da ya shigo ƙofar makaranta kuma daban. (Game da kashi 26 na kasafi da ake yawan cewa a rediyo UNESCO ta ce a ware wa ilimi, ma'aunin da ƙasashe suka amince da shi a 2015 shi ne kashi 15 zuwa 20 na kasafi.)

To me za ku yi? Ku nemi hedimasta ya liƙa duk abin da ya shigo, kuɗi ko kaya, da ranar shigowarsa. Ku raba kwanaki a tsakaninku, mutum ɗaya ya leƙa da ƙarfe tara, wani da sha ɗaya da rabi, ba tare da sanarwa ba, ku ƙirga azuzuwan da malami yake tsaye yana koyarwa. Rajistar sa hannu ba ta nuna wannan, domin malami kan sa hannu ya zauna a gindin bishiya. Malamin da ke rasa yini ɗaya a mako, a shekara mai mako 39 ya cinye wa yara kusan mako 8 na karatu, alhali an biya albashinsa cif. Ku kuma ƙirga yara a aji. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Inda suka ninka haka biyu ko uku, ba mai iya duba littafin kowa, kuma na bayan aji ba sa ma jin muryar malami.

Sharaɗi na biyu ya fi arha fiye da yadda ake zato. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ta fito da tsarin koyar da yaro daidai matakinsa, an kuma gwada shi a nan Kano a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa daga 2019. Ana gwada kowane yaro shi kaɗai, minti biyar ya isa, a sa shi a ɗaya daga matakai biyar: wanda bai san harafi ba, mai harafi, mai kalma, mai sakin layi, da mai karanta labari. Sai a rushe rabon aji na awa ɗaya ko biyu a kullum, ɗan aji shida da ɗan aji huɗu su zauna tare in matakinsu ɗaya, a koya musu da Hausa, da katin baƙaƙe da tsinke na ƙirga. Bayan 'yan makonni a sake gwaji, wanda ya wuce ya matsa gaba. Inda abin ke lalacewa sananne ne: a bar yaro a rukuni ɗaya har ƙarshen zango saboda ba a sake gwaji ba, ko a ƙwace awar don a gama manhaja kafin jarrabawa, ko jami'in da zai zagaya ya rasa kuɗin man babur. Na ƙarshen nan shi ne mafi ƙanƙantar layi a kasafi, kuma shi ake fara yankewa.

Fenti da benci ba laifi ba ne. Rufin da ba ya yoyo da banɗakin 'yan mata suna riƙe yara a makaranta. Ba sa koya karatu dai.

Ina biyan kuɗi masu yawa a makarantar kuɗi, yarona ɗan aji uku kullum yana zuwa da na ɗaya ko na biyu. Ta yaya zan san kuɗina na aiki? Daga wata uwa, Kabuga.

Hajiya, ajiye katin sakamakon tukuna, wanda kike biya ne ya rubuta shi. Ki gwada yaron da kanki, a ranar da ya huta kuma ya ƙoshi.

Ki samo gajeren labari na kalma 60 zuwa 80 wanda bai taɓa gani ba, ɗaya da Hausa ɗaya da Turanci. Kada ki ɗauko daga littafin makarantarsa, domin yara kan haddace shafi su rera shi kamar waƙa, idonsu ma ba ya kan takardar. Ki sa agogon waya minti ɗaya, ya karanta da ƙarfi, ki ɗiga alama a duk kalmar da ya kuskure ko ya tsallake. In ya tsaya a kalma daƙiƙa uku, ki faɗa masa, ki ƙirga ta a kuskure. Ki cire kurakuran daga abin da ya karanta. Masu auna karatu kan ɗauki kalma 45 zuwa 60 a minti a matsayin saurin da yaro ke fara fahimtar abin da yake karantawa, domin mai jan kalma da ƙyar yakan manta farkon jimla kafin ya kai ƙarshenta. Daga nan ki rufe takardar ki yi masa tambaya huɗu ko biyar a kan labarin. In ya karanta Turancin da sauri amma ya kasa gaya miki da Hausa abin da ya faru, furuci aka koya masa.

A lissafi ki ba shi 52 a cire 27. Yaron da ya rubuta 35 ya cire ƙarami daga babba ne a kowane layi, bai gane aro ba, kuma wannan kuskure zai bi shi har raba lamba.

Sai ki duba littafin aikinsa. Akwai jan biro? An gyara kuskuren ko an buga alamar daidai ne a kan komai? Ki tambayi malamai nawa suka riƙe ajinsa a shekarar nan. Makarantar da ke canza malami kowane zango, yawanci kuɗinki ya tafi a gini da mota da bikin yaye ɗalibai, malamin kuma ana ba shi abin da ba zai zaunar da shi ba. Kada kuma sakamakon WAEC da aka manna a ƙofa ya ruɗe ki. Makarantar da ke tace yara kafin ta ɗauka dole ta fitar da sakamako mai kyau. Ko kwalejojin kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, da aka buɗe a 1977 suka kuma yaye likitoci da injiniyoyi masu yawa, da jarrabawar tacewa ake shigarsu, don haka ba a auna su da makarantar unguwa mai karɓar kowa.

A zamaninmu ɗan aji bakwai yana rubuta wa gari wasiƙa. Yanzu mai digiri ba ya iya takardar neman aiki. Basirar mutane ce ke raguwa? Daga wani dattijo, Fagge.

Baba, Allah Ya ƙara lafiya. Abin da ka gani gaskiya ne, amma dalilin ba raguwar basira ba ne. Kafin shirin UPE na ilimin firamare ga kowa na 1976 yara kaɗan ne ke shiga boko a Arewa, waɗanda suka kai aji bakwai kuwa an tankaɗe su an rairaye, kuma malamansu sun fito daga kwalejojin horon malamai inda aikin ke nan dare da rana. Yau ƙofa a buɗe take ga miliyoyi, horon malami da yawansa kuma ba su bi sawu ba. A Kaduna a 2017 an yi wa malaman firamare kusan 33,000 gwaji na matakin aji huɗu, 21,780 suka kasa kai makin da aka gindaya. Bankin Duniya kuma ya ƙiyasta a 2022 cewa kusan yara 9 cikin 10 masu shekara goma a Afirka kudu da Sahara ba sa iya karanta gajeren rubutu su fahimta. Yaron da ba a koya wa ba, ba daƙiƙi ba ne. Wanda ya kasa jimlar Turanci a aji, ka same shi a Kantin Kwari yana lissafin dila da yadi da ka.

Game da gwajin basira kansa, a ƙarni na 20 maki ya yi ta hawa a ƙasashen da ake aunawa, kusan maki 3 duk shekara goma, abin da James Flynn ya shahara da bayyanawa. A wasu ƙasashen Turai ya fara sauka. Wani nazari na 2018 a kan samarin Norway ya nuna saukar ta fara ne da waɗanda aka haifa bayan 1975, kuma ana ganinta har tsakanin wa da ƙane 'yan gida ɗaya, wato yanayin rayuwa ne ya canza, ba jini ba. Wani nazarin, shi ma na 2018, ya nuna kowace shekarar karatu tana ƙara maki 1 zuwa 5.

Akwai dai abubuwan da ke taɓa ƙwaƙwalwar yaro da gaske, kuma suna nan tare da mu. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya samu fiye da rabin yara 'yan ƙasa da shekara biyar a Arewa maso Yamma sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki, ɓarnar kuwa tana faruwa ne tun daga ciki zuwa shekara biyu, kafin yaro ya ga allo. Sai ƙarancin sinadarin aidin da ƙarancin jini da zazzaɓin cizon sauro mai yawan dawowa. Sai dalma, wadda ta kashe yara kusan 400 a ƙauyukan haƙar zinariya na Zamfara a 2010, kuma ko kaɗan ɗinta yana rage kaifin yaro ba tare da wata alama ba. A birni tana zuwa ta wuraren fasa tsohon batirin mota da wasu fentin gida da kwallin dutse da ake sa wa jarirai. A gidan jikoki a daina sa wa jariri irin wannan kwalli, a yi amfani da gishiri mai aidin a ajiye shi a rufe nesa da murhu, wanda kuma ke aikin batir ya cire kayan aikinsa ya yi wanka kafin ya ɗauki yaro.