Tambaya da amsa: Wane gyaran gida zan iya yi da hannuna?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni magidanci ne a Rigasa, nan Kaduna. Tun damunar bara fentin falona ke ɓamɓarewa daga ƙasa, silin ya yi tabo a wuri biyu, ga kuma tsaga a bangon ɗakin yara. Ina kuma son in fasa bangon da ke tsakanin falo da wani ɗan ɗaki don falon ya ƙara faɗi. Kuɗin masu aiki ya yi yawa. Wanne zan iya yi da kaina?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Akwai aikin da za ka iya, kuma da yawa, amma kada ka fara da fenti. Kusan duk abin da ka lissafa ruwa ne ya jawo shi, kuma in ba ka tare ruwan ba, damuna mai zuwa za ta cinye kuɗin fentin. Ruwan Kaduna kan ɗauka tun wajen Afrilu ko Mayu har Oktoba, ya fi ƙarfi a Agusta da Satumba, don haka rani ne lokacin aikinka.

Fara da rufi. Tabon silin ba lallai ya kasance daidai inda kwanon ya huje ba, domin ruwa yakan bi katako ya yi tafiya kafin ya ɗigo. Ka leƙa cikin silin da rana tsaka, inda ka ga haske na shigowa nan ne ramin. Galibi ƙusa ce ta saki. Ka cire ta ka sa sabuwa mai hula da roba, ƙananan ramuka kuma ka liƙe su da tef mai kwalta, duk za ka samu a kasuwar Panteka. In za ka hau, ka taka layin ƙusoshi kawai, nan ne katako yake, kuma kada ka hau kwano yana jiƙe. Idan silin ɗin na asbestos ne irin na da, kada ka yanka shi ko ka goge shi, ƙurarsa tana lalata huhu.

Bangon falon ne ya fi buƙatar natsuwa. Ka duba ko akwai wani farin gari kamar gishiri a wurin da fentin ya tashi, ka ƙwanƙwasa filastar ka ji ko tana ƙarar fanko. In haka ne, laima ce ke tasowa daga ƙasa tana bin bulo. Sai ka zagaya bayan bangon. Sau da yawa za ka tarar ƙasar waje ta taru har ta kai tsayin daɓen ciki, ko ruwan kwano na zuba a gindin gini, ko kwata ta toshe, ko bututun bayi na yoyo a ɓoye. Ka kwashe ƙasar, ka yi ɗan dakalin siminti mai gangara zuwa waje a kewayen ginin, ka buɗe wa ruwa hanya. Wannan aikin shebur da kwanon sarki ne, kai da yaran gida kun isa.

Bayan nan ka sassaƙe ruɓaɓɓiyar filastar har ka ɗan wuce inda laimar ta tsaya, ka bar bulon a buɗe ya sha iska makonni. Sabuwar filasta ka kwaɓa awo 1 na siminti da awo 4 ko 5 na yashi mai tsabta, wanda ba laka a ciki. A nan ne mutane da yawa ke asara: iskar hunturu na busar da filasta kafin ta kama, sai ta tsattsage. Ka riƙa yayyafa mata ruwa safe da yamma har kwana 7, sannan ka ba ta kamar mako 4 kafin ta ga fenti. Ina roƙonka kada ka shafa fenti mai mai ko ka manna tayil don ɓoye laimar, za ta haura sama ne kawai ta ɓullo a wani wuri.

Tsagar ɗakin yara kuwa, in siririya ce kamar gashi, ta filasta ce, ka cike ta. In ta taso a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ko tana bin layin bulo kamar matakala, ko fensir zai shiga ciki, ka yi alama a ƙarshenta ka rubuta kwanan wata. Idan ta wuce alamar, mai yiwuwa harsashin ginin ne ke motsi, injiniya za ka kira.

Fasa bango dai ban yarje maka ba. Ko bulo mai inci 6 ne, yana iya kasancewa shi ke ɗauke da katakon rufi, ga wayoyin lantarki a binne cikinsa. Sai injiniya ya duba ya faɗi ko za a zuba bim, wato kankare mai rodi da zai ɗauki nauyin rufin, a gurbinsa, kuma ka tuntuɓi KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kaduna, kan izini, tunda canji ne ga tsarin ginin. Wayarin ma ka bar wa mai sana'ar, kai naka ka tsaya a kansa, ka sayo kayan da kanka, ku yi jinga tun kafin ya ɗauki guduma.