Tambaya da Amsa: Ƙaramar taransifoma tsakanin makirfo da rakoda

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina ɗaukar hira da dattawa da ƙaramar rakoda Zoom H1n. Na samo makirfo Shure SM58 mai bakin XLR (filogin makirfo mai ƙafa uku), amma sautin ƙasa-ƙasa yake fitowa, in na ƙure wa rakodar ƙarfi kuma sai huci ya cika shi. An ba ni shawarar sayen taransifomar daidaita layi, na sayo wadda aka rubuta om 250 zuwa om 50,000 a jikinta. Maimakon gyara, sai muryar ta ƙara dushewa. Ina gizo ke saƙar? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Taransifomarka lafiyarta lau, ba don rakodarka aka yi ta ba. Irin wannan an ƙera ta ne domin a jona makirfo a amfilifayar jita ko tsohuwar amfilifayar lasifika, waɗanda mashigarsu ke da turjiya mai yawa (turjiya ita ce yadda na'ura ke tare wucewar wutar lantarki, da om ake auna ta), daga om 100,000 zuwa sama.

Abin da ke cikinta naɗin waya biyu ne a kan ƙarfe guda, babu batir, babu komai. Don haka ba ta ƙirƙirar ƙarfi, musaya take yi, kamar giyar keke: ka samu gudu, ka biya da nauyin feda. Daga 250 zuwa 50,000 ninki 200 ke nan a turjiya, wanda ya yi daidai da ninki 14 a bolt, kusan desibel 23 (desibel shi ne ma'aunin ƙaruwa ko raguwar ƙarfin sauti). Wannan shi ne adadin da ke jan hankalin mai saye. Sai dai ninkin nan na 200 yana aiki ta ɓangare biyu. Mashigar H1n turjiyarta kusan om 2,000 ce. Raba 2,000 gida 200, za ka ga makirfonka yana tura sigina ne cikin om 10 kacal, alhali shi kansa turjiyarsa ta kai om 300. Shaƙe shi aka yi. Idan aka kammala lissafi, abin da ke isa rakoda bai wuce rabin abin da kebul zalla zai kawo ba, wato ka yi asarar desibel 6, kuma sassan muryar ba su raguwa daidai wa daida, shi ya sa ka ji ta dushe.

Wadda ta dace da bakin jak na milimita 3.5 ita ce mai matsakaiciyar turjiya, ajin om 200 zuwa kusan 2,500, irin su Shure A96F da Hosa MIT-156. A takarda suna ba da ƙarin desibel 11 zuwa 12. Amma kada mu ɓoye maka, a kan mashiga mai om 2,000 ribar da za ka gani desibel 2 ce zuwa 3. Ba laifin kamfani ba ne. Tsakanin makirfo mai om 300 da mashiga mai om 2,000, ko wace taransifoma ka sa, ribar ba ta wuce desibel 3 da ɗan ɗoriya. Sai a na'urar da mashigarta ta kai om 10,000 za ka samu wajen desibel 9, abin da kunne zai shaida. Saboda haka kafin ka fitar da kuɗi, buɗe takardar rakoda ka nemo adadin turjiyar mashigar makirfo. Shi ke yanke hukunci.

Ga mai H1n, hanya mafi araha ita ce matso da makirfon. SM58 don bakin mai magana aka yi shi, siginarsa 'yan milibolt ce kawai ko da an yi magana a kusa. Daga santimita 20 ka dawo santimita 10, ka samu desibel 6 ba da ko sisi ba, ninki biyu na abin da taransifomar za ta ba ka. In dattijon ba ya son a cusa masa abu a baki, to sai ƙaramar firiyam mai batir, wato na'urar ƙara wa siginar makirfo ƙarfi kafin ta shiga rakoda, ko rakoda mai bakin XLR nata na kanta irin Tascam DR-40X.

Duk da haka taransifoma mai matsakaiciyar turjiya tana da amfanin da ya fi ƙarin ƙarfi. Tana ba ka damar jan kebul na XLR mita 20 ko 30 ba tare da ya kwaso ƙugin wutar lantarki ko ƙarar wayoyin salula ba. Sharaɗin shi ne doguwar tafiya ta kasance a ɓangaren makirfo, taransifomar ta zauna gindin rakoda, guntun kebul ɗin da ke bayanta kada ya wuce mita ɗaya. Masu juya tsarin, su sa ta a gindin makirfo su ja dogon kebul na jak, suna kwasar ƙugi, kuma in mai om 50,000 ce a kan mashiga mai turjiya mai yawa, mita 10 kawai ya isa ya fara cinye sautin da ya haura haz 3,000 (haz shi ne ma'aunin kauri ko sirantar sauti), inda harufa irin su "s" da "sh" suke. Ka kuma ɗaure ta da tef a jikin jaka ko ƙafar tsayawa. Nauyinta in ya rataya a bakin jak, a hankali yake ɓalle dalmar da ke ciki.

Tambaya: Ina jin "ƙas" duk lokacin da na soka filogin taransifoma a rakoda, kuma muryar maza tana fitowa siririya, ba kauri. Daga wata mai shirya shirin rediyo a Maraɗi.

Amsa: Hajiya, duba wutar da rakoda ke turowa ta bakin jak. Ƙananan rakodoji da kyamarori suna fitar da bolt 2 zuwa 5 domin ciyar da ɗan makirfon da ake maƙalawa a wuyan riga. Wannan wuta in ta ratsa naɗin taransifoma sai ta mayar da ƙarfen ciki maganaɗisu, ya ƙoshi tun sauti bai zo ba. Kaurin murya ne ke fara tafiya, sannan kakkarwa ta biyo baya. Shiga saitin rakoda ki kashe ta. In na'urar ba ta da wurin kashewa, kamar kyamarori da yawa, mai gyaran rediyo zai iya liƙa kafasita mai maikurofarad 22, bolt 16, a kan wayar sigina tsakanin taransifoma da filogi, ƙafarta mai alamar tarawa ta fuskanci rakoda. A96F ta zo da nata abin tare wannan wuta.

Tambaya: Bidiyon da na ɗauka ana jin murya a hedfon, amma a lasifikar wayar hannu kamar ba a yi magana ba. Kebul na XLR zuwa ƙaramin jak nake amfani da shi. Daga wani mai ɗaukar biki a Kumasi.

Amsa: Wannan ya sha cin mutane. XLR ƙafa uku gare shi: ta 1 garkuwa, wato saƙar wayar da ke lulluɓe kebul ta kare shi daga ƙugi, ta 2 da ta 3 suna ɗauke da sigina guda, amma ɗaya kishiyar ɗaya. Kebul ɗinka ya kai ƙafa ta 2 kunnen hagu, ta 3 kunnen dama. A hedfon kowane kunne na jin nasa. Wayar da ke da lasifika ɗaya kuwa haɗe su take yi, sai su kashe juna. Bidiyon bai lalace ba: a manhajar tacewa ka jefar da ɓangaren dama, ka kwafi na hagu zuwa duka biyun. Don gaba, taransifoma ta kawar da matsalar, domin tana karɓar ƙafa ta 2 da ta 3 a naɗin farko, ta fitar da sigina guda zuwa kan filogi da zobensa. In babu ita, a sake liƙa kebul ɗin: ƙafa ta 2 zuwa kai da zobe tare, ta 1 da ta 3 zuwa jikin filogi.

Tambaya: Lokacin tafsiri ina karɓar sauti daga miksar masallaci ta irin wannan taransifoma. Sautin a fashe yake, ga ƙugi in an tayar da janareta. Daga Gombe.

Amsa: Allah ya saka da alheri, Malam. Matsaloli biyu ne, kowacce da maganinta. Miksa tana fitar da kusan bolt 1.2, makirfo kuwa 'yan milibolt. Ka ɗura wa taransifomar makirfo abin da ya ninka siginar makirfo sau ɗaruruwa, ita kuma ta ƙara ninka shi ta miƙa wa rakoda. Rage ƙarfi a rakoda ba ya gyara wannan, don fashewar ta riga ta faru kafin maɓallin. Ragewa kake bukata. Resista biyu sun isa: mai om 10,000 a jere da sigina, mai om 100 daga bayanta zuwa garkuwa. Wannan zai sauke desibel 40.

Ƙugin kuma na wutar haz 50 ne, yana zagayawa ta garkuwar kebul idan rakodarka ko kyamararka na jone da caja a soket daban da na miksa. Fara da cire cajar ka koma batir, sau da yawa shi ke nan. In dole sai da wuta, sa taransifomar raba layi mai naɗi daidai, wadda ake rubuta 600:600 a jikinta, kafin resistocin nan. Akwatin DI marar batir, wato akwatin taransifoma mai sauke sigina zuwa matakin makirfo, shi ma yana yi: yana sauke kusan desibel 20, yana kuma da maɓallin yanke garkuwa. Kowacce ka sa, nisanta ta da sitabilaiza, caja da amfilifaya da aƙalla rabin mita. Masu araha ba su da rufin da ke tare maganaɗisu, sai su kwashi ƙugin ta iska. Sa hedfon ka jujjuya ta a hannu, za ka ji inda ƙugin ya fi kwanciya, ka manne ta a haka.

Tambaya: Taransifomar za ta yi aiki da wayar hannu? Kuma yaya zan gane ta jabu? Daga Abeche.

Amsa: Za ta yi, amma da ƙarin aiki. Bakin waya TRRS ne mai gaɓa huɗu, kuma a tsarin CTIA da yawancin wayoyi ke bi, makirfo yana gaɓar ƙarshe ta gindi, garkuwa a zoben da ke kusa da ita. Wayar Android tana auna turjiya kafin ta yarda makirfo ne: om 1,000 zuwa sama take nema. Naɗin taransifoma na iya nuna ƙasa da haka, sai wayar ta ɗauka maɓallin hedfon aka danna, ko ta ci gaba da ɗauka da makirfonta na ciki ba ka sani ba. Sa kafasitar da aka ambata a sama, sannan resista mai om 2,200 tsakanin gaɓar makirfo da garkuwa ta ɓangaren wayar. Ƙwanƙwasa makirfon da yatsa ka ga ko shi ke motsa awon sauti a fuskar wayar.

Makirfon kondensa mai neman bolt 48 kuwa ba zai tashi ba, don wutar ba ta ƙetare taransifoma, ƙaramin jak ma ba ya bayar da ita. Sai mai batirinsa a ciki, irin Rode NTG2 ko Sennheiser MKE 600.

Ta jabu kuma mitar auna turjiya ce ke tona asirinta. Tsakanin ƙafa ta 2 da ta 3 ya kamata ka ga turjiya kaɗan, ta 'yan gommai na om. Tsakanin ƙafa ta 2 da kan filogi kada mita ta nuna komai. In ta yi ƙara a nan, waya ce kawai aka zura cikin gwangwani, ka mayar wa mai shago.