Haɗa dutse da ƙarfe a sassaƙa ba tare da dutsen ya tsage ba

Ka tambaya ko za ka iya dasa sandar ƙarfe a cikin dutsen da ka sassaƙa ba tare da ya tsage ba. Za ka iya, amma kada ka yi da baƙin ƙarfe. Nemi ƙarfen da ba ya tsatsa ko tagulla, ka huda ramin ya ɗan fi sandar faɗi, ka busa ƙurar ta fita tas, sannan ka cike tazarar da gam mai ƙarfi. Ramin kuma ya yi nesa da gefen dutsen.

Dalilin shi ne tsatsa kumbura take yi. Damshi na shiga, ƙarfen ya fara tura dutsen daga ciki, sai ka ga jan layi ya tsattsafo a jikinsa, daga nan sai tsaga. Haka ta faru a Akropolis, tsoffin gine-ginen dutse da ke kan tudu a birnin Atina na ƙasar Girka: ƙarafan da aka sa wajen gyara a farkon ƙarni na 20 sun yi tsatsa sun farfasa duwatsun, har aka koma amfani da titaniyam, wani ƙarfe da ba ya tsatsa. Ni dai in aikin a waje zai zauna, hanyar Brancusi, masassaƙi ɗan asalin Romaniya, ta fi kwanta mini: tagullar ta hau kan dutse ta zauna, kada a binne ta da yawa a ciki.